Gwangwanin Hodar Lady Penelope: Darasin Wayar Salula Daga Fim ɗin 'Yan Tsana na 1966

Ranar 20 ga Janairun 1966 aka fara nuna wani kashi na shirin Thunderbirds a talabijin a Ingila, mai suna The Man from MI.5. A tsakiyar labarin an ɗaure wata mata a kujera cikin rumfar ajiye kwale-kwale a gaɓar tekun kudancin Faransa, an dasa bam kusa da ita, an tafi an bar ta. Ba makami a hannunta, ba mai ceto a kusa. Abin da ya rage mata shi ne ɗan gwangwanin hoda mai madubi wanda ya faɗi ƙasa a buɗe. A cikinsa akwai kyamara da makirufo da na'urar aika saƙo, kuma da shi ta tsira.

Matar 'yar tsana ce, tsayinta bai wuce santimita 56 ba, da siraran zaruruwan ƙarfe ake motsa ta daga sama. Amma abin da ke cikin gwangwanin nan, wanda a wancan lokaci mafarki ne kawai, yau yana aljihun duk mai karanta wannan darasi. Tambayar ita ce ko mai wayar ya shirya tasa yadda aka shirya gwangwanin.

Mene ne Thunderbirds?

Gerry Anderson da matarsa Sylvia Anderson ne suka ƙirƙiri shirin. Kamfaninsu, AP Films, ya ɗauke shi a garin Slough da ke yamma da Landan, aka fara nuna shi ranar 30 ga Satumban 1965. Kashi 32 aka yi gaba ɗaya, kowane kashi kimanin minti 50. Da farko minti 25 aka tsara, amma da Lew Grade, mai zuba kuɗin, ya kalli kashin farko, sai ya ce a ninka tsawon.

An kafa labarin a shekarun 2060. Jeff Tracy, attajiri kuma tsohon ɗan sama-jannati, ya kafa ƙungiyar ceto ta sirri mai suna International Rescue a wani tsibiri a kudancin tekun Pasifik. 'Ya'yansa maza biyar ne ke tuƙa jiragen: Scott da Thunderbird 1 mai gudun tsiya, Virgil da Thunderbird 2 ƙaton kore mai ɗaukar kaya, Alan da Thunderbird 3 na zuwa sararin samaniya, Gordon da Thunderbird 4, ɗan ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa mai nutso a teku, sai John da ke zaune a tashar sama Thunderbird 5 yana sauraron kiraye-kirayen rediyo na duniya. Sunayen biyar ɗin duk daga 'yan sama-jannatin Amurka na farko aka aro su. Wakiliyar ƙungiyar a Landan kuwa ita ce Lady Penelope, 'yar manyan gida, tare da direbanta Parker, tsohon ɗan fasa akwatin kuɗi da ya tuba. Motarta Rolls-Royce ce mai taya shida, ruwan hoda, lambarta FAB 1. Sylvia Anderson da kanta ce ta ba Penelope murya. Abin dariya, masu kallo na Ingila a 1966 ba su ga launin motar ba. An ɗauki shirin mai launi, amma talabijin ɗinsu baƙi-da-fari ne, tashoshin ITV ba su koma launi ba sai ƙarshen 1969.

Fasahar 'yan tsanan ita kanta abin dubawa ce. Sunan da suka sa mata shi ne Supermarionation. Ana fara naɗar muryoyin 'yan wasa a tef. Lokacin ɗauka sai a kunna tef ɗin, wata na'ura ta mayar da sautin maganar zuwa bugun lantarki, bugun ya bi ta zaruruwan da ke riƙe da 'yar tsanar ya shiga wani maganaɗisun lantarki da ke cikin kanta, shi kuma ya buɗe leɓen ƙasa ya rufe daidai da gaɓoɓin magana. Wato zaren da ke ɗauke da nauyi shi ne kuma hanyar wuta. Saboda na'urar tana cikin kai ne ya sa kawunan suka fi ƙarfin jiki. A shirin Captain Scarlet na 1967 an mayar da ita cikin ƙirji, kawunan suka dawo daidai. Abu ɗaya ya gagare su, wato tafiya. 'Yar tsana ba ta da nauyin da za ta taka ƙasa kamar mutum, shi ya sa kusan kullum ake ganin jaruman a zaune, ko cikin mota, ko wani abu na ɗauke da su. Idan kuma ana son nuna hannu yana danna maɓalli daga kusa, hannun mutum na gaske ake ɗauka.

Labarin

Alan Fennell ne ya rubuta wannan kashi, David Lane ya ba da umarni. An yi shi a lokacin da zazzaɓin finafinan leƙen asiri ya kama duniya. Dr. No ya fito a 1962, Goldfinger a 1964, Thunderball a Disambar 1965, makonni kaɗan kafin a nuna wannan kashi. Sunan ma kwaikwayon shirin Amurka ne, The Man from U.N.C.L.E. Ɗan leƙen asirin da ke ciki sunansa Bondson, an kuma sassaƙa fuskarsa ta yi kama da Sean Connery, don kada wani ya kasa gane inda aka dosa. Akwai ɗan tuntuɓe a sunan: MI5 aikinta tsaron cikin gida ne, mai aiki a ƙetare MI6 ce, kuma can James Bond yake. Da wuya yaran 1966 su damu da wannan, tunda gwamnatin Birtaniya ba ta ma fito ta amince a hukumance cewa MI6 na nan ba sai a shekarun 1990.

Wani mai nutso mai suna Carl ya hau jirgin ruwan wani abokin aikin Bondson da dare, ya harbe shi, ya sace takardun zanen wani makamin nukiliya, ya tarwatsa jirgin. Bondson ya nemi taimakon International Rescue. Jeff Tracy ya yi jim, domin ƙungiyarsa ta ceton rai ce, ba ta farautar ɓarayi ba. Amma da ya auna abin da zai faru idan zanen ya faɗa mugun hannu, sai ya miƙa aikin ga Penelope. Ta haɗu da Bondson cikin daji da dare, ta bayansa ta zo, bai ga fuskarta ba.

Dabararta ita ce ta mayar da kanta tarko. Ta sauka a gaɓar Faransa cikin jirgin ruwanta na alfarma, FAB 2, da sunan bogi, Gayle Williams mai tallan kayan ƙawa, aka baza a jarida cewa ta zo tona asirin makasan. Sannan ta sallami Parker ya tafi Monte Carlo ya huta. Carl ya zo kamar yadda ta zata, ya tasa ta da bindiga zuwa rumfar kwale-kwale. Shirinsa shi ne ya tayar da bam ɗin da siginar rediyo daga jirginsu mai nutso daidai lokacin da jirgin sintiri zai wuce. Hankalin masu sintiri zai koma kan gobarar, su kuma su sulale da takardun.

A nan ne ta roƙi a bar ta ta gyara kwalliya. Ta buɗe gwangwanin, tana duba madubi, tana yin wasu motse-motsen da a idon Carl shafa ce kawai, amma a tsibirin Tracy saƙo ne da aka san ma'anarsa. Gwangwanin ya ƙare a ƙasa, a buɗe. Bayan Carl ya fita, ta yi ta jijjiga kujerar har ta kife da ita kusa da shi, ta faɗa wa Jeff abin da ake ciki. Scott ya gano inda jirgin mai nutso ya laɓe, Gordon ya sauka da Thunderbird 4 ya huda jikinsa ya tura iskar sa barci, ya ɗauko takardun.

Nisan da ke tsakanin gwangwanin da wayar yau

A 1966 wayar da ake ganin fuska ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya. Kamfanin AT&T ya nuna Picturephone a baje-kolin duniya na New York a 1964, ya kafa rumfunan kira a New York da Washington da Chicago. Kiran minti uku yana cin dala 16 zuwa 27, kuɗin wancan zamani, kuma sai mutum ya je rumfar, wanda zai kira shi ma ya je tasa. Kasuwar ba ta yi ba. Abin da babu shi kwata-kwata shi ne na'ura irin wannan da za ta shiga jakar hannu ba tare da igiya ba. Sai ranar 3 ga Afrilun 1973 Martin Cooper na Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu, ita ma nauyinta ya kai kilo guda, murya kawai take ɗauka. A 1999 Kyocera ta fitar da waya mai kyamarar gaba a Japan. Layukan GSM sun iso Najeriya a 2001. WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a 2016. A 2020 Samsung ta fitar da Galaxy Z Flip, wadda ake naɗewa biyu, kuma duk wanda ya gan ta a rufe ya san da me ta yi kama.

Wani abu da shirin ya hango daidai shi ne cewa ƙaramar na'ura ba ta kai saƙo nesa da ƙarfin kanta. Daga Faransa zuwa kudancin Pasifik rabin duniya ne, dole a sami mai karɓa ya miƙa, kuma aikin tasha irin Thunderbird 5 ke nan. Wayar salula ma haka take. Iyakacinta ta kai ga turken sadarwa mafi kusa, daga nan saƙon ya bi igiyoyin gilashi na ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin teku. In babu turke, babu kira. Apple ta fara saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam da iPhone 14 a 2022, amma ba a kowace ƙasa yake aiki ba. GPS kuwa sauraro kawai yake yi, don haka waya tana iya sanin inda take ko babu data. Faɗa wa wani inda take ne ke buƙatar sabis.

Abin da ya cece ta ba gwangwanin ba ne kaɗai

Nan ne zuciyar darasin. Da Penelope ta buɗe gwangwanin ta yi motsin da ba wanda ya san ma'anarsa, da Jeff ya zauna yana kallon mace tana shafa hoda har bam ya tashi. Abu uku ne suka haɗu. Na'urar tana aiki da taɓawa ɗaya, ba sai an nemi lamba ba. An riga an yi yarjejeniya kan alamar tun ana zaman lafiya. Kuma akwai wanda ke ɗaya ɓangaren, yana kallo, ya kuma ɗauki alamar da gaske.

Masana tsaron bayanai suna bambanta abu biyu. Akwai kulle saƙo, yadda ko an kama shi ba za a iya karantawa ba. Shi WhatsApp ke yi tun 2016, daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa. Akwai kuma ɓoye cewa ma akwai saƙo. Kulle ba ya amfanar wanda aka tsaya a kansa da bindiga, domin ganin yana rubutu kaɗai ya isa a ƙwace wayar. Penelope na biyun ta yi.

Tarihi na gaske yana da irin wannan, kuma a shekarar da aka nuna fim ɗin. A 1966 aka fito da Jeremiah Denton, matuƙin jirgin yaƙin Amurka da aka kama a Biyetnam ta Arewa, gaban kyamarar talabijin don ya yi hira. Yana amsa tambayoyi yana ƙifta ido kamar hasken fitila ya dame shi. Ashe da ƙiftawar yake rubuta kalmar Turanci mai nufin azabtarwa, da tsarin Morse na dogon bugu da gajere. Jami'an leƙen asirin sojan ruwan Amurka suka kalli faifan, suka karanta.

Ɗaya labarin bai yi daɗi ba, kuma ya fi koyarwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar SOE ta Birtaniya takan ba kowane wakili da ta tura ƙasar da Jamus ta mamaye wata alama, yawanci kuskure na ganganci da zai riƙa sawa a wani gurbi cikin saƙonsa. Idan saƙo ya zo babu alamar, ma'ana an kama shi, dole ake masa. A 1942 Jamusawa suka kama Hubertus Lauwers, mai aika saƙon rediyo a Holan, suka tilasta masa ci gaba da aikawa. Ya bar alamar ta gaskiya kamar yadda aka koya masa. Landan ba ta kula ba, ta ci gaba da turo wakilai da makamai, Jamusawa na jiransu a filin sauka. Wakilai fiye da 50 suka faɗa hannu, aka kashe mafi yawansu. Rediyon bai lalace ba, mai aikawa bai yi kuskure ba. Mai sauraro ne ya ga alamar ya ba kansa uzuri.

A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, wata gidauniyar mata ta Kanada ta fito da alamar hannu don masu fuskantar cin zarafi a gida, waɗanda ke kiran bidiyo alhali mai cutar da su na ɗakin. A nuna tafin hannu ga kyamara, a lanƙwasa babban yatsa cikin tafin, a rufe shi da sauran yatsu huɗu. A Nuwamban 2021 wani direba a jihar Kentucky ta Amurka ya ga wata yarinya 'yar shekara 16 tana yin alamar daga cikin wata mota, ya gane ta, ya kira 'yan sanda, aka tare motar. Sai dai alamar da duniya ta sani, mugu ma yana iya saninta. Shi ya sa ya fi kyau kowane gida ya sami tasa, wata kalma ko tambaya da ba za ta ja hankalin baƙo ba, misali a tambayi lafiyar wata akuya da gidan ba su taɓa kiwo ba. A kuma yanke tun yanzu abin da mai karɓa zai yi idan ya ji ta: kada ya nuna ya gane, kada ya yi ta maimaita kira, ya duba inda wayar take, ya sanar da wanda ya dace. Wannan kalma tana da amfani na biyu a zamanin da ake sace asusun WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunan mutum, ake kuma kwaikwayon murya da ƙirƙirarriyar basira. Wanda ya kasa faɗin kalmar gida ba ɗan gida ba ne.

Ɓangaren na'ura bai fi aikin minti biyar ba. A wayoyin Android daga na 12 zuwa sama, cikin saiti akwai sashen da aka rubuta Safety and emergency, a cikinsa akwai Emergency SOS. Idan an kunna, danna maɓallin wuta sau biyar da sauri zai fara ƙirga daƙiƙoƙi sannan ya kira lambar da aka sa, kuma a wayoyi da yawa yana aika wa zaɓaɓɓun mutane saƙo da wurin da ake. Sunan sashen da yawan dannawar suna ɗan bambanta tsakanin Samsung da Tecno da Infinix da sauransu, hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta SOS a wurin bincike na saiti. A iPhone ana danne maɓallin gefe tare da ɗaya daga maɓallan ƙara, ko a kunna tsarin dannawa biyar. Yin hakan yana kuma dakatar da buɗewa da fuska ko yatsa har sai an sa lambar sirri, abin da ke da amfani idan ana tsoron a ɗora wa mutum wayar a fuska da ƙarfi.

Akwai saiti ɗaya da mutane ke tsallakewa, wato ƙarar gargaɗi. Wayoyi da yawa suna yin kuwwa yayin ƙirgawa. Ga wanda ya faɗi a hanya yana neman a gan shi, wannan alheri ne. Ga wanda ke cikin halin Penelope kuwa, tona asiri ne. Mai waya ya zaɓa da saninsa. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, kyauta ce, amma kada a tsaya a kanta ita kaɗai. A sa mutum biyu ko uku na jiki waɗanda ba sa kashe waya da dare, a kuma gaya musu an sa su, domin saƙon gaggawar da ya iske wanda bai san da zancen ba, zai ɗauka damfara ce. Idan za a gwada, a katse kafin kiran ya fita. A 2023 'yan sandan Birtaniya sun koka cewa kiraye-kirayen da ba kowa a kan layi sun yi musu yawa, saboda wayoyin da ke danna kansu a aljihu.

Mai tafiya doguwa yana da wani abin kuma. WhatsApp na barin a raba wurin da ake kai-tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Google Maps na yin haka, har yana nuna wa mai bibiya sauran cajin batir, wanda ke taimaka masa ya bambance wayar da ta mutu da wadda aka kashe. Da mutum ɗaya amintacce ake yin wannan, ba da zauren mutum ɗari biyu ba. Penelope ta shelanta wa duniya inda take, ta kuma sallami mai tsaronta, amma ita da gangan ta yi don a zo a kama ta, kuma tana da jirage biyar a bayanta. Mai ɗora hoton tasha da lambar mota a Facebook kafin a tashi ya yi rabin farko na shirinta ba tare da rabi na biyu ba.

A koma gefen Carl

Mai kallo yakan sa kansa a matsayin jaruma. Amma a harkar waya, sau da yawa matsayin Carl ake. Ya tsara komai, ya auna lokacin sintiri, ya ɗaure fursunarsa tam, sannan ya zayyana shirinsa a gaban wani abu da ya ɗauka kayan kwalliya ne. Bai yi zaton abin yana gani yana ji ba, saboda bai yi kama da abin da ke gani ba.

Manhajar tocila da ke neman izinin makirufo gwangwanin hoda ce. Haka WhatsApp na jabu da ake turawa a zaure ana cewa ya fi na asali, haka manhajar bashi mai neman ganin dukan lambobi da hotuna, haka manhajar sa-ido da wani na kusa zai iya dasawa cikin minti biyu idan ya san lambar buɗe waya. Tun daga iOS 14, iPhone na nuna ɗigon kore idan kyamara na aiki, ruwan lemo idan makirufo ne. Android 12 ya kawo koren alama a saman fuskar waya, da shafin da ke nuna manhajojin da suka taɓa kyamara da makirufo da wuri cikin awa 24 da suka wuce. Ɗigon da ya bayyana alhali ba kira ake ba, ba hoto ake ɗauka ba, abin bincike ne. A shiga sashen izini, a duba jerin, a cire wa duk wadda aikinta bai buƙata ba. Akwai kutsen da ya fi ƙarfin wannan, kamar na Pegasus da WhatsApp ya ce an kai wa mutum kusan 1,400 a 2019 ta hanyar kira kawai, ko ba a ɗaga ba. Irin wannan yana da tsada, 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka aka fi nufa da shi, kuma babban abin da mai waya zai iya yi a kansa shi ne sabunta manhaja da zarar sabuntawa ta fito.

Inda labarin ya yi rauni

Gordon ya ɗauko takardun, kowa ya yi ajiyar zuciya, duniya ta tsira. Amma wa ya ce Carl bai ɗauki hotonsu ba? Ƙaramar kyamarar Minox, wadda 'yan leƙen asiri suka shahara da ita wajen ɗaukar takardu, tana nan tun shekarun 1930. Marubucin ya ɗauki sirri kamar zobe, in an dawo da shi an dawo da shi. Ko a zamanin takarda wannan zato ne mai rauni, balle yanzu da kwafi ba ya cin ko sisi kuma ba ya barin gurbi. Hoton da ya bar waya ba a karɓo shi. Goge saƙo daga ɓangarorin biyu ba ya goge hoton fuskar waya da aka riga aka ɗauka, kuma saƙon gani-sau-ɗaya ba ya hana a ɗauke shi da wata wayar. Wayar da aka sace aka dawo da ita bayan kwana biyu, ko wadda ta kwana a shagon gyara a buɗe, ita ce takardun Carl. A canza kalmomin sirri, a duba na'urorin da aka haɗa da WhatsApp, a fitar da duk wadda ba a sani ba. Wasu wayoyin Samsung da Pixel suna da yanayin gyara da ke rufe bayanan mai waya kafin a miƙa ta.

Akwai kuma batun siginar bam ɗin. Ruwan gishiri yana shanye igiyar rediyo cikin ɗan taƙi, shi ya sa jiragen yaƙi masu nutso ke dogara da igiyoyi masu ƙarancin mita ƙwarai, ko su ɗago eriya sama. A ƙarƙashin teku sauti ne sarki, yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, kuma da shi ake farautar jirgin da ya nutse.

Su kansu hotunan ƙarƙashin tekun, yawancinsu a bushe aka ɗauke su. Sashen Derek Meddings yakan rataye ɗan samfurin jirgi, a sa siririn akwatin gilashi mai ruwa da ƙananan kifaye tsakaninsa da kyamara. Don ƙaramin abu ya yi kama da ƙato, sai a ɗauka da sauri, hoto har 120 a daƙiƙa, a nuna a 24, motsin ya yi nauyi. Duk wayar da ke da ɗaukar tafiyar hawainiya ta 120 ko 240 za ta iya wannan da motar wasan yara da ɗan yashi, muddin an kwantar da kyamarar ƙasa kuma akwai haske sosai. Meddings daga baya ya koma yi wa James Bond na gaske aiki, daga Live and Let Die na 1973 har GoldenEye na 1995. Shane Rimmer, muryar Scott Tracy wanda ya farauto jirgin Carl, ya fito a The Spy Who Loved Me na 1977 a matsayin kwamandan jirgin yaƙi mai nutso.

A ƙarshen kashin an sake kiran Bondson dajin nan. Ya tarar da takardun a jikin wata bishiya, muryar Penelope na fitowa daga wata ɓoyayyiyar na'ura, tana gargaɗinsa kada ya kuskura ya bi sawunta ko na ƙungiyar. Har aka rabu bai ga fuskarta ba. Parker kuwa, wanda aka ba hutun dare ɗaya, ya dawo daga gidan cacar Monte Carlo da labarin cewa an cinye shi, har da jirgin FAB 2.